Muƙalar Mako: Suwic Ba Ya Tare Shela



Yau rigima muka zo da ita, kuma da mutum biyu za mu yi ta. Na farko shi ne mai haɗa waya, wanda ake kira injiniya, mai karɓar kwangilar jona kwamfutoci a makarantu da ofisoshi da shagunan intanet. Na biyu shi ne malamin da ya koyar da shi. Na farkon yana jera akwati bisa akwati har sai kafofin soka waya sun ishi kowa, ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa. Na biyun kuwa ya sa shi haddar jimloli uku don cin jarrabawa, bai taɓa nuna masa abin da suke nufi a kan waya ta zahiri ba. Ranar da komai ya tsaya cak, daga mai wuri har ma'aikata bakinsu ɗaya: "netwok ne babu." Sai a kira kamfanin da ke sayar da data a sauke masa kwandon zagi, alhali cutar tana nan cikin ɗakin, a bayan kabad inda wayoyi suka cukurkuɗe. An bar jaki ana dukan taiki.

Wani zai ce me ya haɗa zauren marubuta da wayoyin kwamfuta. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta, kuma ƙannenmu a ɗakunan da aka jera ɗaruruwan kwamfutoci suke zama su rubuta ta. Asibitoci suna komawa ajiye katin marasa lafiya a kwamfuta, makarantu suna haɗa sakamakon ɗalibai a kanta. Duk waɗannan a kan wayar da wani ya haɗa suke tsaye. In wanda ya haɗa bai san iyakar kowace na'ura ba, yaron da ya yi shekara yana karatu ne zai zauna yana kallon allon da ya daskare.

Jimlolin nan uku, duk wanda ya zauna ajin sadarwar kwamfuta a poli kamar mu ya san su. Hob ba ya raba komai. Suwic yana raba yankin karo amma ba ya raba yankin shela. Rauta tana raba duka biyun. Gaskiya ne dukansu, sai dai aku ma zai iya maimaita su. Ranar jarrabawa a zana maka rauta ɗaya, a gefe guda suwic mai kwamfuta biyar, a ɗaya gefen hob mai kwamfuta huɗu, a ce ƙirga. Ka rubuta yankin karo 7, yankin shela 2, ka ci makinka. Ka fito da difloma, a ba ka aikin makaranta mai ɗakuna goma, ka haɗe su duka a yankin shela ɗaya, domin babu wanda ya taɓa gaya maka cewa lambar nan 2 da ka rubuta ita ce abin da aka ɗauke ka aiki ka yanke shawara a kai.

Mu fara da karo. Tsarin Ethernet, wanda kusan duk wayar da kuka gani an soka a bayan kwamfuta da shi take aiki, Robert Metcalfe ne ya zana shi a 1973 a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya, suka gina shi tare da David Boggs. Ya ɗauko dabarar daga wani tsarin rediyo na Jami'ar Hawai mai suna ALOHAnet, wanda Norman Abramson ya jagoranta, inda tashoshi da yawa ke magana a zango ɗaya. A Ethernet na farko waya ɗaya ce doguwa mai kauri, kowace kwamfuta ta jona a jikinta. Waya ɗaya kuwa magana ɗaya take ɗauka a lokaci guda. In kwamfuta biyu suka turo tare, saƙonnin su gauraye, duka biyun su lalace. Wannan shi ne karo. Duk na'urorin da saƙonsu zai iya gwabzawa da na juna, 'yan yankin karo ɗaya ne.

Dokar da aka sa musu irin ladabin majalisar hira ce. Ka saurara kafin ka buɗe baki. In ka ji shiru ka fara, amma kunnenka a buɗe. In ka ji muryar wani ta hau kan taka, ka saki 'yar ƙara don kowa ya san an yi karo, ka ja bakinka ka jira. Jiran ma da lissafinsa, domin in duka biyun suka jira daidai da juna za su sake gwabzawa. Don haka kowace takan yi ƙuri'a. Bayan karon farko ta zaɓi jiran zango 0 ko 1, bayan na biyu daga 0 zuwa 3, bayan na uku daga 0 zuwa 7, haka yake ninkuwa har ya tsaya a 1023. In aka gwada sau 16 ba a dace ba, ta haƙura ta yar da saƙon. A gudun megabit 10, tsawon zango ɗaya maikirosakan 51.2 ne, wato lokacin tura bit 512. Daga nan ne ƙa'idar nan ta fito cewa ƙunshin saƙon Ethernet ba ya gaza bayit 64: dole mai turawa ya kasance bai gama magana ba lokacin da labarin karo zai dawo masa daga can ƙarshen waya, in ba haka ba zai tafi da zaton saƙonsa ya isa lafiya. An haddatar da mu lambar 64, amma dalilinta, wanda shi ne abin daɗin, ba a cika faɗa a aji ba.

A 1990 aka fitar da ƙa'idar da ta kawo irin wayar da muka sani yau, mai murɗaɗɗun silli a ciki, wadda ba ta wuce mita 100. Kowace kwamfuta ta samu wayarta, dukansu suka haɗu a akwati guda mai suna hob. A ido sai ka ce an rabu. A aikace kuwa tsohuwar doguwar wayar ce aka nannaɗe aka cusa a akwati. Hob ba ya karanta komai, duk abin da ya shigo ta kafa ɗaya sai ya maimaita shi ta sauran kafofi. Kwamfuta ashirin a kan hob, baki ashirin ne a majalisa ɗaya, kuma yawansu shi ne yawan karonsu.

Suwic ne ya zo ya raba wannan gardama. Ba makunnin fitila muke nufi ba, akwatin nan mai jerin kafofi da 'yan fitilu masu ƙiftawa. Asalinsa wata na'ura ce da ake kira gada, mai haɗa sassan waya biyu tana tace abin da zai tsallaka. Kamfanin Kalpana ne ya fito da suwic na Ethernet na farko wajen 1990, Cisco ya saye kamfanin a 1994. Kowane katin sadarwa yana da adireshinsa na kansa mai bit 48, wanda ake kira adireshin MAC. Duk ƙunshin da ya shigo, suwic yakan duba adireshin wanda ya turo, ya rubuta a littafinsa cewa wane yana kafa kaza. Yawanci in aka yi daƙiƙa 300 bai sake jin ɗuriyar mutum ba sai ya goge shi. In saƙo ya zo na wane ne, ta kafar wane kaɗai zai fitar da shi, in kafar tana aiki ya riƙe shi har ta samu sarari. Kowace kafa ta zama yankin karo mai zaman kanta. A 1997 aka ƙara da ƙa'idar turawa da karɓa a lokaci guda, ta yadda tsakanin kwamfuta da kafarta ba abin da zai yi karo da wani. Da aka zo Ethernet mai gudun gigabit 10 a 2002, ba a ma sa dokar karon a cikinsa ba.

Har nan babu jayayya. Suwic ya yi aikinsa, a jinjina masa. Inda injiniyoyinmu suka ɓata rawarsu da tsalle shi ne ɗaukar cewa tunda ya yi maganin wannan, ya yi maganin komai.

Akwai saƙon da ba na mutum ɗaya ba ne, na kowa da kowa ne. Adireshinsa FF:FF:FF:FF:FF:FF, wato duka bit 48 ɗin an cika su da ɗaya. Wannan shi ne shela, kuma sadarwa ba ta yiwuwa sai da ita. Kwamfutarka ta san lambar IP ta na'urar buga takardu, amma a kan waya da adireshin MAC ake isar da saƙo. To sai ta yi cigiya, irin wadda ake yi da lasifika a kasuwa: wa ke da lamba 192.168.1.20, ya faɗa wa mai lamba 192.168.1.7. Kowa ya ji, mai lambar kaɗai ya amsa. Sunan wannan cigiya ARP, David Plummer ne ya rubuta ƙa'idarta a 1982. Haka kwamfutar da aka kunna yanzu, ba ta da lambar IP, ba ta kuma san wa za ta tambaya ba, sai ta yi shela tana neman mai rabon lambobi, wato DHCP. Ga na'urorin buga takardu da talabijin na zamani da wayoyin hannu, kowanne yana tallar kansa ba a tambaye shi ba.

Me suwic ke yi da shela? Abin da hob ke yi da komai: ya kwafe ta ya watsa ta kowace kafa, in ban da wadda ta shigo. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka gina shi, domin in ya riƙe cigiya babu mai samun wanda yake nema. Haka ma yake yi da saƙon da bai ga adireshin mai shi a littafinsa ba. Duk inda shelar kwamfuta ɗaya za ta iya kaiwa, nan ne yankin shela. In ka jona suwic na biyu a jikin na farko, shelar ta tsallaka. Ka jona na uku, na biyar, na goma, daga ofishin shugaban makaranta zuwa ɗakin kwamfuta zuwa ɗakin kwanan ɗalibai, duk gari ɗaya ne mai sanƙira ɗaya. Kowace na'ura dole ta karɓi kowace shela ta buɗe ta kafin ta gane ba da ita ake ba. Saboda haka mutumin da aka kira don sadarwa ta yi nauyi, ya ce a ƙaro suwic, faɗaɗa garin ya yi.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce suwic ɗin yau gudun gigabit yake, kwamfutocin yau kuma ba sa jin nauyin 'yar cigiya mai bayit sittin da wani abu. Kwamfuta 250 a yanki ɗaya suna aiki lafiya lau a wurare da yawa, har ma rukunin lambobin da aka saba amfani da shi, irin mai farawa da 192.168.1, na'ura 254 yake ɗauka. Mun yarda. A ranar da komai yake daidai, yawan shela ba shi ne abin tsoro ba. Amma ai ba don ranar lafiya ake yin katanga ba. Yankin shela shi ne iyakar inda ɓarna za ta tsaya in ta tashi, kuma ɓarnar da ke tashi a irin wuraren nan namu sananniya ce.

Babbarsu ita ce zobe. Ku ƙaddara mai shara ya ga waya tana reto a bayan tebur, ya ga kafa a buɗe a jikin bango, ya soka ta don gyara. Ashe ɗaya bakin wayar yana jikin suwic ɗin da kafar bangon ke komawa. Ko kuma wani ya haɗa suwic biyu da waya biyu wai don gudu ya ƙaru. Yanzu shela ɗaya ta shigo. Suwic ya watsa ta, ta bi zoben ta dawo masa, shi kuma bai san ya taɓa ganinta ba, ya sake watsawa. Saƙon IP yana da ma'aunin rai, lamba ce da yawanci take farawa daga 64 ko 128, kowace rauta ta rage ɗaya, in ta kai sifili a yar da saƙon. Ƙunshin Ethernet ba shi da wannan ma'auni. Ba ya tsufa, ba ya mutuwa. Kowace sabuwar cigiya tana shiga zoben ta tarar da na baya suna ta zagaye, cikin daƙiƙoƙi wayoyi su cika, littafin suwic ya rikice domin yana ganin adireshi ɗaya yana shigowa ta kafa biyu, fitilu duka su riƙa ƙiftawa tare kamar an haɗa baki. Wannan ita ce guguwar shela. Ba ta tsayawa a ɗakin da aka soka wayar. Duk inda yankin ya kai, nan take kaiwa.

An daɗe da samun maganin zobe. Radia Perlman ta ƙirƙiro shi a 1985 tana aiki a kamfanin DEC, hukumar IEEE ta mayar da shi ƙa'ida a 1990. Suwic-suwic su riƙa yi wa juna magana, su zaɓi ɗaya ya zama tushe, su toshe duk wata hanyar da za ta rufe zobe, a bar ta a ajiye sai ranar da babbar hanya ta yanke. Sai dai galibin ƙananan suwic masu arha, irin waɗanda ake jonawa kawai ba a saita musu komai, ba su da wannan dabara. Su ne kuma aka fi saye, domin mai kwangila ya riga ya faɗi farashi, abin da ya rage a kan kaya shi ne ribarsa.

Ko masu dabarar ma tana da iyaka, kuma ba a ƙauye aka gano haka ba. Ranar Laraba 13 ga Nuwamba 2002, sadarwar asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston a Amurka, ɗaya daga asibitocin koyarwa na Jami'ar Harvard, ta durƙushe. Kusan kwana huɗu tana tashi tana faɗuwa. Likitoci suka koma takarda da biro, ana bin bene da ƙafa ana kai sakamakon gwaji. Shugaban sashen kwamfuta na asibitin, John Halamka, wanda shi ma likita ne, bai ɓoye abin da ya faru ba, ya fito ya bayyana don wasu su ɗau darasi. Sadarwar ta yi shekaru tana girma ta hanyar jona suwic bisa suwic, har wasu sassan suka wuce nisan tsalle bakwai da aka tsara dabarar Perlman a kai. Da wani mai bincike ya tura bayanai masu yawa, lissafin ya kwance, zobe ya buɗe. Gyaran da aka yi tare da injiniyoyin Cisco ya haɗa da shigo da aikin rauta a tsakiya, a yanka babban yankin gida-gida. Wannan asibiti ba kuɗi ya rasa ba, ba kuma kaya masu tsada ba. Abin da injiniyan unguwarmu yake yi shi aka yi a can, sai dai nasu ya fi girma.

Ɓarna ta biyu ba ta kai guguwa ƙara ba, amma ta fi ta yawa. Wani ma'aikaci yana son Wi-Fi a ofishinsa, ya sayo 'yar rautar gida ya soka a bango ta ɗaya daga kafofinta na ciki. Ita kuma daga kamfani ta zo da nata mai rabon lambobi a kunne. Daga wannan lokaci duk kwamfutar da ta yi shelar neman lamba amsa biyu take samu, yawanci ta karɓi wadda ta riga isowa. Wasu su samu lambar gaskiya, wasu su samu ta bogi mai nuna musu ƙofar da ba ta fita ko'ina. Na kusa da kai yana aiki, kai ba ka yi, gobe kuma a juya. Irin wannan ce ake kwana uku ana nema, har a fara zancen ko wurin ne ba lafiya.

Ta uku ta shafi amana. Cigiyar ARP ba ta tambayar shaida. Duk wanda yake cikin yankin zai iya amsawa ya ce shi ne mai lambar ƙofar fita, kwamfutoci su yarda, su riƙa bi ta kansa da saƙonninsu. Manhajojin yin haka kyauta suke a intanet. To a wane dalili kwamfutar akawu mai biyan albashi, ko wadda ake ajiye makin ɗalibai, za ta zauna yanki ɗaya da Wi-Fi ɗin da aka ba baƙi lambar sirrinsa? Babu mai gina gida ya sa ɗakin ajiyarsa a zaure.

Katangar ita ce rauta. Ita da lambar IP take aiki, kowace kafa tata unguwa ce daban mai rukunin lambobinta. In ƙunshi ya zo mata, sai ta kwance shi, ta duba lambar IP ta inda za shi, ta rage ma'aunin rai, ta sake ƙunshe shi sabo ta fitar ta kafar da ta dace. Shela kuwa in ta iso bakinta nan take mutuwa, sai fa abin da aka umarce ta musamman ta miƙa, kamar neman lamba zuwa ga mai rabo da ke wata unguwar. Shi ya sa cigiyar kwamfutar wani a Legas ba ta taɓa isowa taka a Katsina ba. Da intanet suwic zalla ce, da ba ta yi minti ɗaya a raye ba.

A nan sai an yi hattara da abin da ake sayar mana da sunan rauta a kasuwa. Akwatin nan mai eriya da kafofi huɗu a baya na'ura uku ce a riga ɗaya: rauta, da ƙaramin suwic, da tashar Wi-Fi. Katangar tana tsakanin kafar da intanet ke shigowa da sauran ne kawai. Kafofin nan huɗu da duk wayoyin da suka hau Wi-Fi ɗinta, in ba an saita wani abu daban ba, yankin shela ɗaya ne. Don haka injiniyan da ya nuna muku ita ya ce ai akwai rauta a wurin, bai amsa tambayar ba.

Sai maganar tsada, wadda ita ce mafakar ƙarshe. Wai raba yanki yana nufin sabuwar waya da sabon suwic ga kowane sashe. Wannan zance ya tsufa tun 1998, shekarar da aka fitar da ƙa'idar 802.1Q ta VLAN. Suwic ɗaya ake shatawa a cikin saitinsa: kafa ta 1 zuwa ta 8 na ofis, ta 9 zuwa ta 20 na ɗalibai, sauran na kyamarori. Shelar wannan rukuni ba ta shiga wancan, kamar akwatuna uku ne daban. In za a tsallaka zuwa wani suwic ta waya ɗaya, sai a liƙa wa kowane ƙunshi alama mai bayit 4, a cikinta bit 12 ne ke ɗauke da lambar rukuni, wato har rukuni 4094 za a iya yi. Mai son magana daga rukuni zuwa rukuni dole ya bi ta rauta, ko ta suwic mai iya aikin rauta, a nan ne kuma ake kafa sharaɗin wanda zai wuce da wanda ba zai wuce ba. Gaskiya ne suwic mai karɓar saiti ya fi na jona-ka-tafi kuɗi. Amma daga titin Beirut a Kano har Computer Village a Ikeja ana samunsa, sabo da na hannu, haka ƙananan rautoci irin na MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya, masu iya wannan aiki duka. A auna bambancin kuɗin da asarar yini ɗaya na cibiyar jarrabawa, da haƙƙin yaran da suka taso daga wani gari tun asuba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai zama ya yi saitin, ya rubuta shi a takarda ya bar wa mai wuri.

Akwai kuma 'yan zamani da ke cewa a daina ɓata lokacin ɗalibai da darasin karo, tunda hob ya zama kayan tarihi. Su ma ba mu tare da su. Karo ya bar waya ne ya koma iska. Duk na'urorin da ke kan tashar Wi-Fi ɗaya, a zango ɗaya, majalisa ɗaya suke kamar ta 1973, bi da bi suke magana. Ta wani fannin ma abin ya fi muni, domin rediyo ba ta iya jin karo yayin da take turawa, sai dai ta yi ta kaffa-kaffa kafin ta fara, ta jira a ce mata saƙo ya iso. Wayoyi biyu a kusurwoyi biyu na ɗaki kan kasa jin juna, alhali tashar da ke tsakiya tana jin su duka, su turo tare su gwabza a kunnenta. A zangon gigahaz 2.4, tashoshi uku ne aka saba zaɓa don kada su hau kan juna, 1 da 6 da 11. Wanda ya jera akwatin Wi-Fi shida a bene ɗaya duka a kan tasha 6, hob ya gina a sararin sama. Sannan a Wi-Fi yawanci da gudu mafi ƙanƙanta ake tura shela don na nesa ma ya ji, saboda haka kowace ɗaya tana cin lokacin iska fiye da girmanta. Jona Wi-Fi kai tsaye a jikin ƙaton yankin shela haɗa cuta biyu ne a jiki ɗaya.

Masu makarantu da asibitoci da cibiyoyin jarrabawa, ba sai kun iya saita komai ba. Kafin ku biya cikon kuɗi, ku sa injiniya ya zana muku a takarda yankin shela nawa ya yi, da kuma su wa ke cikin kowanne. Ku tambaye shi abin da zai faru in yaro ya soka bakin waya ɗaya a kafa biyu, ku ce ya gwada a gabanku ranar da babu aiki. Ku tambaye shi wace na'ura ce kaɗai aka yarda ta raba lambobi, da abin da zai hana wata yin shisshigi. Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayoyin nan, domin su ne ke bambanta shi da mai arha.

Malamanmu kuma, da girmamawa muke faɗa, uzurin rashin kayan aiki bai rufe wannan ba. Manhajar Wireshark kyauta ce, da ita ɗalibi zai ga cigiyar ARP da idonsa tana wucewa layi bayan layi. Packet Tracer ta Cisco ma kyauta ake samunta in an yi rajista, ana shata VLAN a cikinta ba tare da an sayi akwati ko ɗaya ba. Darasin zobe kuwa ƙananan suwic biyu yake buƙata, da kwamfuta ɗaya ko biyu, da 'yan wayoyi. A ware su daga sadarwar makaranta tukuna, wannan sharaɗi ne. A haɗa suwic ɗin biyu da waya ɗaya, a buɗe Wireshark, a nemi lambar da babu mai ita don cigiya ta tashi, a ƙirga layukan da suka fito. Sannan a ɗauko waya ta biyu a sake haɗa su da ita, a sake cigiyar, a bar ɗalibai su kalli fitilu da allon na minti ɗaya kafin a zare.

Duk wanda ya gwada a cikin makon nan, ya kawo mana abin da ya gani a ƙarƙashin wannan rubutu, har da sunan irin suwic ɗin da ya yi amfani da shi, domin akwai masu arhar da ke gane zobe su toshe kafar da kansu, kuma muna so mu san su.